Ka Ce An Sayi Mahayi? To, Kawo Rasit

Malam, sauko daga kan bencin nan mu yi magana. Dokin da kake goyon baya ya zo na biyar, kuma tun ƙura ba ta lafa a filin sukuwa na Jos ba ka riga ka yanke hukunci: an sayi mahayi, da gangan ya ja linzami a kwana ta ƙarshe, shi kuwa akawal ɗin da ya ci tseren, tramol aka ɗura masa. Ka faɗa a majalisa, bai ishe ka ba, ka naɗi murya ka tura WhatsApp har da rantsuwa. Sannu, mai shari'a!

Ka ce ai hirar 'yan sukuwa ce, wa zai kai hira kotu? Wanda ka ɓata wa suna mana. Kundin Penal Code na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya fayyace ɓata suna a sashe na 391, sashe na 392 kuma ya yanka masa ɗauri har shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Jihohi sun yi ta sabunta nasu kundin, lambar sashe kan sauya, laifin kuwa yana nan daram. Bayan wannan, mai doki na iya shigar da ƙarar neman diyya dabam.

Ka ce ba kai ka ƙirƙira ba, "an ce" ka ce. Wane ne An? A wace unguwa yake? Majistare ba ya aika wa An sammaci. Wanda ya maimaita ƙazafi shi ma ya yaɗa shi, kuma muryar da ke cikin wayar taka ce. Kada ka ce waya ba shaida ba ce: sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya buɗe wa bayanan na'ura ƙofar kotu.

Ka ce ba ka kama suna ba. Haba! Ka ce "wani Alhaji mai farin danda da ke sauke dawakinsa kusa da famfo", alhali kaf filin mutum ɗaya ne ke yin haka, har mai sayar da rake ya san shi. In masu sauraro sun gane wa ake nufi, ka kama suna ka gama. Habaici ma bai tsira ba, don dokar ta san da zargin da aka naɗe cikin gatse.

Yanzu na ga ka gyara zama, ka ɗauko babban makaminka: "Ai gaskiya na faɗa!" Madalla. A ƙarar diyya gaskiya kariya ce, sai dai kai za ka tabbatar da ita, mai doki zai naɗe hannu ya zuba maka ido. A ɓangaren laifi kuwa Penal Code ya ƙara sharaɗi: gaskiyar ta zama wadda amfanin jama'a ke bukatar a bayyana. To, me ka riƙe? Ka ce idon dokin ya yi ja, yana kumfa. Dokin da ya yi sukuwa cikin ƙurar hunturu, kwalli kake so ka gani a idonsa?

Abin ma da ya fi ba ni dariya, kai mutumin Vom ne. Tun 1924 cibiyar binciken cututtukan dabbobi take a garinku, likitocinta kan ɗebi jini su kai ɗakin gwaji kafin su buɗe baki su ce dabba na ɗauke da cuta. Kai daga nesa, da goro a kumatu, ka gano abin da ke cikin jinin doki yana gudu. In ka yaɗa cewa dokin wani na da cuta, mai saye ya fasa, dokin ba zai kai ka ƙara ba, na yarda, amma mai shi ya san kuɗin da ya yi asara, lauyansa kuma ya iya lissafi.

Ka ce ashe an rufe mana baki ke nan? Ina! Wanda ya hau doki a bainar jama'a ya miƙa hawansa ga hukuncin 'yan kallo, doka ma ta yarda a yi sharhi a kai da zuciya ɗaya. Ka ce ya makara a tashi, ka ce ƙafarsa na iyo cikin likkafa, ka ce jakin kai taki ya fi dacewa da shi. Wannan duka ra'ayi ne a kan abin da kowa ya gani. "Ya karɓi kuɗi" kuwa zargin laifi ne. In da gaske kana zargin maguɗi, rubuta wa kwamitin da ya shirya gasar. Ƙorafin da aka kai wa mai iko da kyakkyawar niyya yana da kariya.

Shi kuma abokinka na majalisa da ya ce kada ka damu, ya san doka, tambaye shi ko zai tsaya maka beli. Kafin ya amsa, ka nemi lauya na gaske, ka janye maganar a inda ka yaɗa ta, sannan ka je bargar Alhaji ka ba shi haƙuri tun sammaci bai iso ba.