Sulken Zamani da Ma'abotansa a Hanyar Tanut

Turawa masu gangarowa daga kan duwatsu bisa keke suna da gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: wace riga ce za ta tare wa mutum ƙirji da gadon baya ba tare da ta dafa shi da gumi ba? Wasan keken dutse ya faro ne a shekarun 1970, lokacin da samarin yankin Marin na Kalifoniya suka riƙa sako tsofaffin kekuna daga dutsen Tamalpais, kuma bai tsaya ba sai da ya shiga gasar Olamfik ta Atalanta a 1996. Rigunansu na yau akwai wani soso a ciki, irin su D3O, mai laushi a jiki, amma da an buge shi sai ya ƙanƙame. Har ma'auni aka kafa musu a Turai: a saki ƙarfe bisa abin, a auna ƙarfin bugun da ya ratsa. Mai daraja ta biyu rabin abin da ke ratsa mai daraja ta ɗaya kawai aka yarda ya ratsa shi.

A nan wajenmu kuwa, Ollelewa ba ta da dutsen da za a gangaro. Abin da take da shi rairayi ne mai kama taya ba sallama, da kwazazzaban da damina ke haƙawa, da ƙayar aduwa da ta kandili, da jakin da ke yanke shawara a tsakiyar hanya. Ga kuma tankokin mai da suka ƙaru a kan titin Damagaram zuwa Agadas tun da aka buɗe matatar SORAZ a 2011, nan kusa da Bakin Birji. Gardamar kuwa mun riga Bature yin ta. Baraden Damagaram na zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, sun san ta sarai. Lifidi, mai cushe da auduga, yana tare kibiya, amma idan doki ya kā da mai shi sai an zo an ɗaga shi, kuma wuta ba ta yi masa da sauƙi. Sulke ya fi barin jiki ya motsa, sai dai tsada. Yau lifidin ya koma kwalliyar hawan Salla, dokin ya zama moto, amma jikokin baraden suna nan, kowa da abokin gaban da ya shirya wa. Ƙasar da za ta tarbe su ce kaɗai ba wanda ya sa a lissafi.

Na farko magajin 'yan lifidi ne kai tsaye. Sanyi yake yaƙi da shi. Tun hunturu ya je Kasuwar Dole ya zaɓo rigunan gwanjo uku, ya cusa kwalin madara a ƙirji, ya ɗaure wuya da tawul. Kada a yi masa dariyar kwalin: 'yan tseren keke na Faransa ma sun daɗe suna cusa jarida a riga in za su gangaro daga tsauni, don iska. Matsalarsa ita ce bai san ranar sallamar mayaƙa ba. Watan Afirilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, kare ma ya nemi inuwa, shi yana nan cikin rigunansa uku, wai iskar moto ce ke kawo ciwon haƙarƙari. In ya faɗi, gaskiya ba ya ƙujewa sosai. Amma kafin a gano inda ke masa ciwo sai an ɓare shi ɓawo-ɓawo, a kuma ba shi ruwa, don yawanci ba faɗuwar ce ta sumar da shi ba.

Sai mai hular kwano a gwiwar hannu. Wannan ya saya, ba a musu. Kullum tana tare da shi, rataye a hannu ko a kan fitila, kuma ta yi aiki iri-iri: ta ɗauko ƙwan zabi, ta ɗauko tumatir, an taɓa ba ɗan akuya ruwa a cikinta. Kansa take hawa idan ya hango shingen jandarma, ta sauka da ya wuce. Wani lokaci gaggawa ta sa ya kifa ta baya a gaba. "Shef, ai ga ta nan a kaina," in ji shi, ɓawon albasa na leƙowa ta gefen kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa hular da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mummunan rauni a kai da kusan kashi 70 cikin 100. Ba ta ce komai ba game da gwiwar hannu, wadda a gaskiya ita ce gaɓa mafi tsaro a jikin wannan bawan Allah.

Ƙanensa shi ne wanda ya samo hular ma'aikata mai ruwan ɗorawa, irin wadda ake sawa don kada ƙusa ta faɗo wa mutum a ka. Ba ya ɗaure ta a haɓa. A ramin farko sai ta riga shi sauka.

Wanda ya warware matsalar nauyi gaba ɗaya shi ne mai laya. Kamfanonin Turai suna ta fama su rage 'yan giram, shi nasa sulken duka bai kai nauyin goro biyar ba: guru a ƙugu, kambu a damtse, laya ɗinke a cikin hula, wata kuma ɗaure a ƙahon moto don ita ma 'yar halak ce. Ba ya sa gumi, ba ya hana numfashi, ba a ganinsa. Kuma bai taɓa kasawa ba, in ka saurari mai shi. Ya faɗi ya karye? Ai maganin ƙarfe ne, kwalta kuwa ba ƙarfe ba ce. Ya yi karo da amalanke? Itace ne. To ranar da ya daki bayan mota fa? Rannan ya ci abin da aka hana shi, ko ya ƙetare taɓarya da safe. "Ba don shi ba, da yanzu ana zaman bakwai," yake faɗa, ƙafa a miƙe cikin karan ɗori. Ni dai ban ga ta inda za a kā da wannan hujja ba, kuma da ma'aunin Turawa zai samu lauya irinsa da tuni an daina gwaji.

Kusa da shi akwai mai cewa in kwana ya ƙare ya ƙare, don haka ba ya sa komai. Ana jin maganarsa da girmamawa, har sai an ga yadda yake kulle motonsa Kasea da dare: kwaɗo biyu, sarƙa, sannan ya jawo tabarma ya kwanta a gindinta. Tawakkalin nasa a kan ƙoƙon kansa ya tsaya, bai kai ga Kasea ba.

Daga nan sai ɗan kwalisa, wanda ya dawo daga Libiya ko Tamanrasat da cikakken kaya: rigar roba mai faranti a ƙirji, abin kafaɗa, abin gwiwa, safar hannu, da hula mai baƙin gilashi. Shi kaɗai ne a gundumar yake da abin da Bature ke gardama a kai. Yakan sa shi ranar kasuwa, ya yi zagaye daga tasha zuwa wurin mai shayi, yara na biye da shi suna "ga kunkuru!", a ɗauke shi hoto don Facebook. Idan tafiya ta gaske ta kama, a ce Gangara ko Belbeji, sai ya tuɓe ya ninke ya sa a leda, don ƙura tana ɓata shi. Da zai tambaya, da an gaya masa ko rigar ta fi haka tsada ba ta cika hana karayar ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ba, saboda ta hannu ko ta kafaɗa ƙarfin faɗuwar ke shigowa. Aikinta haƙarƙari da baya, kuma ba ta yin sa daga cikin leda.

Alhaji mai rawani ya ce zagaye goma sha na turkuɗi sun fi kowace kwano. Wataƙila. Amma babbar rigarsa da sarƙar moto sun daɗe suna neman juna, kuma ranar da suka haɗu ba a tambayar rawani.

Mafi tsira a cikinsu duka tsoho mai keke ne, mai Phoenix ɗin da ta girmi 'ya'yansa. Duk kariyarsa taya ya ba: famfo, roba, gam, da tsohuwar tayar da ya yanka ya shimfiɗa a ciki saboda ƙaya. Kansa kuwa sai malafa. A rairayi shi ke tura keken, a tudu shi ke tura ta, a gangara ya sauka don burki ya daɗe da yin ritaya. Mutum ba ya faɗowa daga abin da yake tafiya a gefensa.

Ba a gama ba sai an taɓo fasinja. Inna ta zauna a karkace da goyo a baya, ƙwarya a ka, garkuwarta addu'a da kuma "yaro, don Allah a hankali". Ita ba a tanadar mata komai ba. Wanda aka tanadar wa shi ne ragon da za a kai kasuwar Bakin Birji. An shimfiɗa masa buhu biyu, an naɗe masa ƙafafu da tsumma don igiya kada ta ci shi, an tokare shi da tabarma ta kowane gefe, mai shi kuma ya rungume shi da cinyoyi. Idan rairayi ya kwashe su, jama'a su sheƙo a guje suna salati, za ka tarar da mutumin yana rarrafe, goshi na jini, hannu ɗaya na lilo.

"Sannu Malam, ina ne ke ciwo?"

"Ku bar ni. Ku tā da shi ya taka, in ga ko yana ɗingishi."