Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Akwatin Zaɓe

Zuwa ga Mai Girma Akwatin Zaɓe,
Ɗakin ajiya na hukumar zaɓe,
Ƙaramar Hukumar Zariya.

Ran Akwati ya daɗe.

Akwatin zaɓe ma'aikacin gwamnati ne da ke kama aiki da ƙarfe 8:30 na safe, ya tashi da 2:30 na rana, kwana biyu rak a cikin shekara huɗu. Tsayinsa bai wuce gwiwa ba. A da jikinsa na ƙarfe ne, yanzu kuwa roba ce garai-garai, wai don gani ya kori ji. Ranar zaɓen tarayya su uku suke fitowa: mai jar hula na shugaban ƙasa, mai baƙa na sanata, mai koriya na ɗan majalisar wakilai. Baki ɗaya gare shi, a tsakiyar ka, kuma na ci ne kawai, bai taɓa furta komai da shi ba. Wannan ya sa kowa a cikin ganuwa yake magana da yawunsa, daga Kwarbai har Limancin Kona. Masu wannan takarda sun ga ya kamata a sanar da shi abin da ake cewa ya ce.

Zazzagawa sun riga Akwati sanin surutun siyasa. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma Dakta Dikko na Wusasa shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta rikiɗe ta zama NPC. Da aka kafa NEPU a Kano a 1950, nan da nan ta sami gindin zama a Sabon Gari da Tudun Wada. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi: unguwa ta fitar da mutane, su kuma su fitar da wasu, a matakin ƙarshe En'e ta cusa nata. Akwati bai da wani ta cewa a wannan tsari.

Babbar fitowarsa ita ce zaɓen tarayya na Disambar 1959, kuma bai fito shi kaɗai ba. Kowace jam'iyya da nata akwatin a bayan labule, an manna masa alamarta: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC. Mutum ya karɓi takarda, ya shiga shi kaɗai, ya jefa inda ya ga dama. Tsarin ya dace da jama'ar da yawancinta ba ta karanta boko, amma yana da ɓaraka. Mai wayo kan shiga ya fito da takardarsa a aljihu, ya sayar wa ejan, ejan ya tara su, ya ba amintacce guda ya shiga ya ɗura. Ashe sayen ƙuri'a ba ɗan yau ba ne, sa'an Akwati ne, tare suka yi rarrafe.

A wannan fitowar ko mace ɗaya ba ta matso kusa da shi ba a Arewa, doka ba ta yarda ba. Hajiya Gambo Sawaba, haifaffiyar Zariya kuma jagorar matan NEPU, ta sha ɗauri har sau 16, ta sha duka a hannun 'yan doka da 'yan banga, kuma cikin abin da take nema har da wannan. Sai a 1976 ƙofar ta buɗe wa matan Arewa. Ta rasu a 2001, asibitin Ƙofar Gayan na ɗauke da sunanta. Yau a rumfuna da yawa na cikin birni layin mata ya fi na maza tsawo, kuma su ne kan riga kowa zuwa, da goyo da 'yar kujera. Masu sharhi na maza kan ce taliya ce ta fito da su. Ba a taɓa jin sun faɗi abin da ya fito da maza ba.

Shekarar 1979 ita ce wadda dattawan majalisa ba su gajiya da ita. Akwati ya ba Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, jam'iyyar mabuɗi, kujerar gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa har da Katsina. Shi dai wannan Akwatin ya cika majalisar dokoki da 'yan NPN, masu gida da masara. Gwamna ya yi ta aika sunayen kwamishinoni, majalisa na dawo masa da su, har ranar 23 ga Yunin 1981 ta tsige shi, ya zama gwamna na farko da aka tsige a Najeriya, bai taɓa zama da kwamishina ba. Tsohon ɗan PRP kan ce talakawa sun yi magana, sarakai suka toshe musu baki. Tsohon ɗan NPN kan ce ai su ma ba daga sama suka faɗo ba, daga cikin Akwati suka fito. Dukansu gaskiya suka faɗa, abin da ya hana gardamar mutuwa ke nan shekara arba'in da 'yan kai.

Soja sun ba Akwati hutun dole a ƙarshen 1983. Da Janar Babangida ya tashi dawo da siyasa, sai aka ce Akwati ba shi da amana, aka sallame shi, aka koma ƙato bayan ƙato: a ɗaga hoton ɗan takara, masoyansa su jeru a baya, a ƙirga kawuna. Maguɗi ya ragu, zumunci ya sha wuya, domin ɗan haya na ganin maigidan haya, suruki na ganin suruki. An dawo da shi ranar 12 ga Yunin 1993, ya yi aikin da har yau ake yabo, Abiola ya kayar da Bashir Tofa har a Kano, sai aka soke zaɓen ɗungurungum.

Daga 1999 zuwa yau Zariya ba ta da ƙorafin rashin manya. Namadi Sambo ya zama gwamna a 2007, ya wuce mataimakin shugaban ƙasa a 2010. Mukhtar Ramalan Yero na Unguwar Kaura ya riƙe jiha daga Disambar 2012, bayan rasuwar Patrick Yakowa a haɗarin jirgi a Bayelsa, zuwa 2015. Abbas Tajuddeen, Iyan Zazzau, yana wakiltar Zariya tun 2011, kuma a Yunin 2023 ya zama kakakin majalisar wakilai da ƙuri'a 353. Aikin ruwan Zariya, wanda aka ba da kwangilarsa zamanin Namadi, ya ga bayan gwamnoni uku kafin a yanke masa kirtani zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i. Duk da haka ɗan garuwa bai ajiye kurarsa ba, yana nan yana tura jarkoki a lungunan birni, kuma duk kakar zaɓe ruwan nan kan dawo bakin 'yan takara sabo fil. Ba a ɗora wa Akwati laifin famfo ba. An dai ambata ne don ya san abin da ake rantsuwa a kansa kafin ya iso.

Akwai shekarar da raha ba ta shiga. Kiran a kasa, a tsare, a raka ya samo asali ne daga zaɓukan 2003 da 2007, inda magoya bayan Janar Buhari suka yi imani an yi musu fashi. A Afrilun 2011, da aka bayyana Jonathan ya ci zaɓe, Zariya na cikin garuruwan da suka kama da wuta, an ƙone gidaje, ciki har da na Namadi Sambo, kuma masu kare haƙƙin ɗan'adam sun ƙiyasta an rasa rai sama da 800 a Arewa. Yawancin waɗanda suka mutu ba su taɓa ganin ɗan takarar da aka kashe su dominsa ba.

Ranar aikinsa kuwa, yadda take tafiya a cikin ganuwa sananne ne. Mota kan tsaya a bakin titi, domin lungu ba ya ɗaukarta, 'yan hidimar ƙasa su rungumo shi su ratsa kwata da kwata zuwa filin firamare ko ƙofar zauren mai unguwa. A buɗe shi, a kifa, a nuna wa jama'a cikinsa wayam, a rufe, a sa hatimi. Tun 2015 ba a isa gare shi sai ta hannun dogari: da farko na'urar karanta kati, a 2023 kuma BVAS, mai duba yatsa ko fuska. Tsohuwar da aikin surfe ya goge wa zanen yatsa kan goga shi a zane, ta tofa masa yawu, ta sake ɗorawa. In ta wuce, a shafa mata tawada a gefen farce, ta shiga rumfa ta dangwala. Can nesa kaɗan, gindin bango, akwai mutum da leda da littafi, shi ba ma'aikacin hukuma ba ne, amma ya fi kowa sanin wanda ya zo. A 2023, da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi ɓatan dabo, turmin atamfa da sabulu da taliya ne suka riƙe masa aiki. La'asar sakaliya a juye Akwati a kan tabarma, a ware, malamin zaɓe ya riƙa ɗaga takarda ɗai-ɗai, yara da manya na amsawa da ƙarfi: arba'in da ɗaya, arba'in da biyu. Wadda tawada ta taɓa gida biyu a yi ta musu a kanta har a kira magariba. Daga nan sai a ɗauke shi kamar amarya, babura gaba da baya, ana hon, a kai shi wurin tattara sakamako, inda 'yan rakiya ke tsayawa a waje.

Abin da ake faɗa da sunansa bayan wannan shi ne asalin ƙarar. Ƙa'idar sharhin siyasa a teburin mai shayi na Babban Dodo, da kuma bakin sojojin baka a rediyo da dare, guda ɗaya ce: in Akwati ya ba nasu, mulki na Allah ne, yana ba wanda ya so, in ya ba na wasu, an yi aringizo. Shekarar 2023 ta tona asirin ƙa'idar cikin mako uku. Ranar 25 ga Fabrairu Atiku Abubakar ya lashe Jihar Kaduna, PDP ta kwashe kujerun sanata uku duka. 'Yan lema suka ce ba a taɓa Akwati mai tsoron Allah irin wannan ba, 'yan tsintsiya suka ce wahalar canjin kuɗi ce ta ruɗa shi, amma ai a Zariya ya dawo hayyacinsa tunda ya mai da Iyan Zazzau. Ranar 18 ga Maris, a zaɓen gwamna, Uba Sani na tsintsiya ya sami ƙuri'a 730,002, Isa Ashiru na lema 719,196. Nan take aka yi musayar baki: waliyyin jiya ya zama ɓarawo a wajen masu lema, ruɗaɗɗen jiya ya zama dattijo a wajen masu tsintsiya. Roba ɗaya ce, ko murfinta ba a canza ba.

Su kansu masu alamar ba su zauna wuri ɗaya ba. El-Rufa'i ya yi minista a PDP, ya bi alƙalamin CPC, ya yi gwamna shekara takwas da tsintsiya, a Maris na 2025 ya fice zuwa SDP. Ramalan Yero, wanda tsintsiya ta share a 2015, daga baya ya shiga inuwarta. Duk sauya sheƙa ɗaya kan bar sojan baka da aikin lashe amansa na shekara takwas a cikin shiri ɗaya na rabin awa, kuma a yaba masa, yakan yi hakan ba tare da muryarsa ta yi rawa ba.

Ikon Akwati ma bai kai yadda ake zuzutawa ba. Kafin ya fito, daliget sun gama nasu cinikin a zaɓen fid da gwani, sunayen da suka sayar su ne kaɗai ake kawo masa. Bayan ya koma kuma akwai kotu. A 2011 an ce ya ba Datti Baba-Ahmed na CPC kujerar sanatan Kaduna ta Arewa, alƙalai suka sake lissafi suka miƙa wa Ahmed Maƙarfi. Ƙarar Isa Ashiru sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta rufe ta. A duk zaman nan ba a taɓa kiransa shaida ba, lauyoyi ne ke fassara shi.

Ɗan'uwansa na hukumar zaɓen jiha ya fi shi ganin wulaƙanci. A 2018 aka yi masa ritaya, Kaduna ta zama jiha ta farko da ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura. A 2021 na'urar ta yi rashin kunyar da ba a manta ba, ta kayar da jam'iyyar gwamna a rumfar gwamna ta Unguwar Sarki. A 2024 majalisa ta soke ta, aka kakkaɓe Akwati aka dawo da shi bakin aiki, shi kuma ya nuna godiya: ciyaman 23, kansila 255, duk ya ba jam'iyya mai mulki, bai rage wa kowa ko na shan ruwa ba.

Saboda haka masu takarda ba su roƙi Akwati ya yi magana ba, sun san ba a yi shi da harshe ba. Roƙonsu ƙanana ne. In 2027 ta zo, ya iso mazaɓu 13 na Zariya da 8:30 ɗin da aka rubuta, ba bayan azahar ba. Ya tabbatar an cika batirin dogarinsa tun dare, an kuma zo da tawadar da za ta kai yamma. Takardar sakamakon da ake mannawa a bango ta zama da hannun kowane ejan, a kuma manna ta da abin da zai riƙe ta har gari ya waye. Rumfar da aka kafa a rana tsaka, a matsar da ita inuwa saboda masu goyo da tsofaffi.

Wassalam.

Daga mazauna cikin ganuwa, Birnin Zazzau.