Wasiƙa Zuwa Ga Likitan Portwenn, Wanda Bai San Gaisuwa Ba

Zuwa ga Dakta Martin Ellingham, likitan ƙauyen Portwenn da ke bakin teku a yankin Konwal na ƙasar Ingila. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ko da yake na sakankance ba za ka amsa ba, domin tun shekarar 2004 da tashar ITV ta fara nuno mana kai a wasan Doc Martin, har zuwa 2022 da aka naɗe tabarmarsa, ban taɓa jin ka tambayi wani mahaluki yadda ya kwana da iyali ba.

Bayan haka, dalilin ɗaukar alƙalamina shi ne abin da ya same ni yau da sassafe. Jikana, wanda na yi gangancin bari ya riƙa zama kusa da ni duk daren da nake kallonka, ya shigo turakata bayan sallar asuba, maimakon ya durƙusa ya ce "Kaka, ina kwana" kamar yadda aka hore shi, sai ya tsaya ƙerere, ya ƙura wa ƙafata ido, ya ce ta kumbura, in rage gishiri, in bar cin kilishi da daddare, ya juya ya fice. Na san akwai wasa tsakanin jika da kaka, amma wannan fuskarsa a murtuke take, irin taka sak.

Uzurinka sananne ne, cewa kai babban likitan fiɗa ne a Landan, sai Allah ya jarrabce ka da tsoron jini, ka koma duba masu mura a ƙauyen masunta. Mahauci mai gudun jini abin tausayi ne, na yarda. Karen da yake binka kana korarsa, wannan tsakaninku ne. Uwargida Tishell mai kantin magani, da abin wuyanta da ƙaunarka da take ɓoyewa ba ta ɓoyuwa, Allah ya ba ta haƙuri. Ita kuwa Louisa, malamar makaranta, wadda ka sumbata sannan ka shiga yi mata bayanin warin baki, amma daga bisani ta aure ka, ba ni da fatawa a kanta.

Abin da ya tsaya mini a rai, wanda kuma ya lalata mini yaro, shi ne kullum kai ne da gaskiya. Ka daka wa tsoho tsawa, ka kori mai jego, ka kira mutum da sunan da ba nasa ba, sa'an nan kafin a tashi daga kallo sai wani ya yanke jiki ya faɗi a bakin ruwa, ka taho da gudu cikin kwat ɗinka da jakarka, ka gano cutar da ta gagari kowa. Haba! Wannan ai maguɗi ne! Malamanmu sun tarbiyyantar da mu a kan cewa ladabi yana gaba da ilmi, su kuwa marubutanka zango goma cur suka yi suna kafa hujjar cewa wanda ya sani ba ya bukatar sallama. Ko sau ɗaya a bari mai ladabi ya ci gardama mana! Yanzu har mutane ke tururuwa zuwa Port Isaac, inda aka ɗauki wasan, su ɗauki hoto a ƙofar gidan da ake korar marasa lafiya.

Da hantsi na tafi wani ƙaramin asibiti don in ƙaryata yaron. Ma'aikaciyar jinya ta gaishe ni har da gajiya da sanyi, ta auna jinina, ta danna ƙafar da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba, ta ce, "Baba, a rage gishiri." Da na dawo na duba ƙarƙashin matashi inda nake ajiye kilishin, sai takardar kaɗai na tarar.

Naka, wanda ya kwana lafiya ko da ba ka tambaya ba.