Kaka Moses, Manomiya Mai Zane

Anna Mary Robertson Moses, wadda Amurkawa ke kira Grandma Moses, wato Kaka Moses, an haife ta a 1860 a jihar New York. Tana shekara 12 ta fara aikatau a gidan wasu manoma, daga nan kuma gona ba ta sake ta ba: tatsar shanu, kaɗa man shanu, ga haihuwa goma, biyar suka rayu.

Zane kuwa sai da ta doshi tamanin ta kama shi gadan-gadan, shi ma don ciwon gaɓoɓi ya hana ta riƙe allurar ɗinki. Takan shafe katako da farin fenti, ta faro daga sararin sama, ta gangaro kan tuddai, sannan ta zuba shanu da mutane. Ƙananan abubuwa kamar ido, da tsinken ashana take ɗiga su.

Ta taɓa kai zanenta baje kolin manoma tare da 'ya'yan itacen da ta dafa da sukari. Kayan zaƙin suka ci kyauta, zanen kuwa ko kallo bai ishi alƙalai ba. A 1938 wani mutum mai suna Louis Caldor ya hango zanenta a tagar wani kantin magani a garin Hoosick Falls, ya saye duka. Da aka gayyace ta birnin New York a 1940 ta yi jawabi, sai tsohuwa ta ɓuge da bayanin kayan zaƙinta.

Ta rasu a 1961 tana da shekara 101. Da fari dala uku zuwa biyar take sayar da zane. A 2006 an sayi guda a kan dala miliyan 1.2.