Cinikin Biri a Sama, Har da Kuɗin Mota

Duk wanda ya taɓa raka Bahaushe sayen kayan gyaran babur, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Panteka ta Kaduna, ya san Allah bai halicci mai bin diddigi kamarsa ba, domin kuwa filogi ɗaya tak, wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba, sai ya ɗauke shi ya jujjuya, ya ɗaga shi ya duba a hasken rana, ya ƙwanƙwasa shi a jikin benci ya kasa kunne, ya miƙa wa makanikin da ya tayar daga gareji takanas domin shaida, sa'an nan ya taya rabin abin da aka faɗa, a ce albarka, ya yi zuciya ya tafi, a kira shi ya dawo, har inuwa ta karkata kafin a sallama masa. To, wannan bawan Allah ɗin nan, da shi da wayonsa da rantse-rantsensa, idan dare ya yi ya kishingiɗa a tabarma ya buɗe waya, ya ga hoton injin Boxer yana walƙiya, an rubuta a ƙarƙashinsa kuɗin da bai kai na kafireta ba, nan take sai basira ta yi masa sallama, ya tura kuɗin cefanen wata guda ga mutumin da bai taɓa ganin ko ƙeyarsa ba, ya kwanta yana murmushi, yana tausaya wa wawan da ya sayar masa.

Wannan kasuwa ta cikin waya ba ta daɗe ba. A shekarar 2014 aka kafa Jiji a Legas, a 2019 kuma ta karɓe harkar OLX a Nijeriya, ga Facebook da zaurukan WhatsApp inda kowa dillali ne, kowa kuma sarkin kasuwa. Da ƙarancin takardun kuɗi ya auko a farkon 2023, har tsohon da ya yi rantsuwa ba zai taɓa amince wa banki ba ya koyi tura kuɗi da yatsa. Babur kuwa, ko da yake gwamnatin Kano ta hana acaɓa tun 2013, bai fasa zama ƙafar talaka ba, shi ke kai malami makaranta, ya kai manomi gona, ya kai mai jego asibiti. Kuma Boxer na Indiya da Jincheng da Haojue na Sin duk ba su da wata ibada da ta wuce cin sarƙa da ringi da birki. Mai buƙata ya yi yawa, kuɗi sun yi sauƙin tafiya, fuska ta ɓuya, ɗan damfara kuwa ba ya roƙon Allah fiye da haka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wannan mas'ala an riga an warware mana ita tun muna gaban malam a zaure. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 386 ta Hijira, ya kawo hukuncin sayar da abin da ba ya nan a babin ciniki na Risala, ya halatta shi idan an siffanta hajar, amma ya hana a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a gan ta, sai fa idan tana kusa, ko kuwa irin abin da ba a tsoron canzawarsa ne, kamar gida ko fili ko itace. Malaman Malikiyya kuma suka ƙiyasta kusancin da tafiyar kwana biyu ko abin da ya yi kama da haka. Sun hana cinikin garari, suka buga misali da kifi a ruwa da tsuntsu a sama. Na san idan ɗan damfara ya ji wannan zai kafa hujja da cewa daga Nnewi zuwa Kano ai mota ba ta kwana biyu a hanya, sai dai fuƙaha'u, Allah ya ji ƙansu, suna magana ne a kan hajar da ke akwai, alhali shi injin da yake tallatawa bai taɓa wanzuwa ba sai a hoto, hoton ma na wani ne. Kakanninmu da ba su karanta Risala ba sun taƙaita babin duka da cewa ba a cinikin biri a sama. Mu jikokinsu mun ci gaba: muna cinikin birin, muna biya, har muna ƙara kuɗin motar da za ta kawo shi.

Shi ɗan damfara, a gaskiya, ba wani gwanin hikima ba ne, halinmu kawai ya karanta ya haddace. Ya san muna son araha fiye da yadda muke son kayan, saboda haka yakan sa farashin da hankali ba zai karɓa ba, sa'an nan ya kawo uzurin da zuciya za ta karɓa. Wani lokaci soja ne da aka yi wa canjin wurin aiki, gobe da asuba zai tashi. Wani lokaci ma'aikacin kwastan ne da ya san ƙofar baya ta gwanjo. Wani lokaci kuma maraya ne da ya gaji shago bai san darajar abin da ke ciki ba, wannan kuwa shi ya fi kama mutane, domin babu abin da ke saurin tayar da tausayin ɗan kasuwa kamar marayan da za a iya cuta. Ya san kuma muna girmama rawani da laƙabi, sai ya sa hoton dattijo mai farin gemu, ya kira kansa Alhaji, ya buɗe magana da cikakkiyar sallama har da wa barakatuhu, ya tambayi iyali da gajiya, kuma idan ka kira shi bai ɗauka ba, ya aiko da cewa yana masallaci ne. Na lura ba a taɓa samun ɗan damfarar da ke rasa jam'i ba.

Idan mai saye ya ɗan yi jim, ya ce, "Alhaji, da dai a ce na ga kayan tukuna," sai a ji murya ta canza, ta cika da ɓacin rai irin na mutumin kirki da aka zarga. "Haba ɗan'uwa, ni da kai duk Musulmi ne, a kan ɗan wannan abin zan ci haram? Wallahi mutum uku ke jira, don dai na ji hankalina ya kwanta da kai ne." A nan ne kunya, wadda ita ce adon Bahaushe kuma ita ce ramin da yake faɗawa, take gama aikin. Mutumin da ya zo da niyyar bincike sai ya koma yana ba da haƙuri, ya tura kuɗi domin ya wanke kansa daga zargin cewa ya zargi Alhaji.

Kuɗin kuma ba a karɓarsu gaba ɗaya, ana bin su daki-daki ne bisa tartibi, yadda mai biya ba zai ji zafin ba sai a ƙarshe. Da fari kafin alƙalami, don a cire tallar kada wani ya riga ka. Bayansa kuɗin mota, tare da hoton wani kwali ɗaure da igiya, an rubuta sunanka a jiki da manyan baƙaƙe, wanda ganinsa kaɗai kan sa mutum ya ji ya zama babban attajiri. Kashegari wani ya kira, ana jin ƙarar motoci a bayansa, ya ce shi ne direba, an tare su a Lokoja, jami'ai sun ce sai an biya kuɗin takarda kafin kwalin ya wuce. Wanda ya riga ya zuba dubu arba'in ba ya son a ce sun tafi a banza saboda dubu biyar, sai ya ƙara. Haka zai yi ta ƙarawa, yana zuwa tasha safe da yamma yana leƙa bayan kowace mota, har 'yan kamasho su san shi su riƙa yi masa sannu da jira, har ranar da zai kira ya ji wata mace mai ladabi tana sanar da shi cewa lambar da yake nema a kashe take.

Kada mai sayarwa ya yi dariya, domin shi ma an tanadar masa nasa kason. Mutum ya sa tallar salansa da shakazoba da ya kwance daga tsohon mashin ɗinsa, sai ga mai saye wanda ba ya neman ragi ko na sisi, wannan kuwa kaɗai ya isa ishara, gama Bahaushen da bai nemi ragi ba ko dai ba shi da lafiya ko kuwa ba shi da niyyar biya. Zai ce ya tura kuɗi, ga hoton shaida, ga ma saƙon alat ya shigo wayarka da sunan banki, kuma yaronsa na bakin layi da Keke Napep yana sauri. Saƙon nan rubuta shi aka yi, hoton kuma gyara shi aka yi. Abin da ba a iya ƙirƙira shi ne abin da ke cikin asusunka idan ka buɗe manhajar banki da hannunka ka duba. Akwai mai cewa ya yi kuskure ya tura fiye da kima, don Allah ka mayar masa da rarar, sai ka mayar da rarar kuɗin da ba su taɓa zuwa ba. Akwai kuma mai cewa zai turo maka wasu lambobi shida ka karanta masa don ya tabbatar kai mutumin kirki ne, kai kuwa da son a shaide ka da kirki ka karanta, kafin la'asar ya ƙwace WhatsApp ɗinka yana bin surukanka ɗaya bayan ɗaya yana roƙon rance da sunanka.

Amma wadda na fi jinjina wa, in har ana jinjina wa sharri, ita ce damfara mai ƙafa uku. Ɗan damfara ya kwafi hoton kayan wani mai shago na gaskiya ya tallata da rahusa. Ya ce wa mai saye, "Je ka shagona ka gani da idonka, yarona yana nan, sai dai kada ka yi maganar kuɗi da shi, ɗan hannu ne." Ya kira mai shago ya ce, "Ƙanena zai zo duba kaya, kada ka faɗa masa farashi, ni zan biya." Mai saye ya je, ya ga kaya, ya ƙwanƙwasa, makaniki ya yaba, duk sharuɗɗan da malamai suka gindaya sun cika a zahiri, ya fita waje ya tura kuɗi ga wanda ke waya. Daga nan sai a bar bayin Allah biyu a shago, ɗaya yana cewa ya biya, ɗaya yana cewa bai ga ko kwabo ba, kowa ya riƙe wuyan rigar ɗan'uwansa yana kiransa ɓarawo, kuma dukansu gaskiya suke rantsewa a kai. Kalma ɗaya da sun yi wa juna tun farko, wato "nawa ne?", da ta rushe ginin duka, amma kowannensu ya yi shiru saboda yana zaton shi ne ake rufa wa asiri a kan riba.

Wani lokaci kayan kan iso, sai dai fistin jabu ne a cikin kwalin orijina, ko tsohuwar kafireta da aka wanke da fetur aka fesa mata fenti. Mafi muni shi ne injin da ya iso lafiya lau, mai kyau, mai araha, ba rasit, lambar jikinsa kuma an goge ta da faifai. Wannan kam, ranar da mai shi ya gane abinsa, wanda aka samu da shi a hannu shi zai yi bayani a caji ofis, Alhajin waya kuwa yana masallaci.

Bayan an cuci mutum, sai ya yi abin da ɗan damfara ya fi ƙauna, wato shiru. Ba ya gaya wa matarsa don kada ta tuna masa ta ce a sayi buhun masara, ba ya gaya wa abokan majalisa don shi ne mai ba su shawara a kan harkar waya, sai ya ce ƙaddara ce, ya bar wa Allah. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma ban ga inda ya hana mutum zuwa banki da gaggawa ya kai ƙorafi a kan asusun da ya tura wa kuɗi ba, tun ba a kwashe su ba. Hukuma ma ba ta rasa tanadi ba: sashe na 419 na kundin laifuffuka har ya zama sunan sana'ar, an kafa EFCC a 2003, dokar damfara ta 2006 ta yanke ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba kuma bai wuce 20 ba, ba zaɓin tara, ga kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015. Sai dai alƙali ba ya hukunta wanda ba a kai ƙararsa ba, lambar wayar da ta cuci mutum ɗaya a unguwa kuma takan cuci maƙwabcinsa a mako mai zuwa, su haɗu a sahu ɗaya kowa yana ɓoye wa kowa.

Saboda haka, ya kai mai babur, idan ka ga kaya a waya sun burge ka, tambayi makanikinka farashinsu a kasuwa tukuna, in ratar ta yi yawa ka san da walakin. Ka ce mai kayan ya kira ka ta bidiyo ya nuna maka su, ya juya su, ya karanto lambar injin kana gani. In yana garinku ku haɗu da rana a bainar jama'a, ka tafi da makaniki, ka tambayi wanda ke riƙe da kayan farashi da bakinka, ka biya shi shi ɗin, a asusun da ke ɗauke da sunansa, ka karɓi rasit. In yana wani gari, nemi ɗan'uwa ko amini a can ya je ya gani kafin sisi ya fita, ai Jiji da kanta tana gargaɗin kada a biya kafin a ga kaya, ko da kuɗin kawowa ne. In kuwa Alhaji ya yi fushi ya ce ka zarge shi, ka ba shi haƙuri iyakar iyawarka, ka yi masa addu'ar alheri, ka riƙe kuɗinka.