Takarda Takarda Ce, In Ji Masu Biro

Na ji ku, masu biro. Kun ce takarda takarda ce, wai neman suna ne ya sa nake shafa ta da yatsa kafin in saya, kamar mai taya shadda a Kantin Kwari. To, ku matso, ga alƙalamina mai shan tawada, kowa ya ja layi ɗaya a gefen jarida.

Kun gani? Layin ya yi naso, ya fitar da ƙafafu kamar gizo-gizo, har ya leƙa bayan shafin. Na san abin da ke bakinku: alƙalamin ne ba shi da kyau. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Tawadar nan kusan duk ruwa ce da rini, ita kuwa takardar jarida ƙishirwa ce da ita, zarenta a buɗe yake, yana zuƙe duk abin da ya samu. Takardar rubutu ta kirki tun a masana'anta ake bi ta da sitaci ko wani abu mai danƙo, don tawada ta zauna a sama ta bushe inda aka ajiye ta. Tawadar bironku mai ce, mai kauri, ko a kwalin sukari za ta kama. Shi ya sa ba ku taɓa sanin bambancin ba, Allah sarki.

Wani daga baya yana cewa ai kauri ne magani. Malam, ba a nan gizo ke saƙa ba. Takardar fotokwafi mai giram 80 sau da yawa takan yi naso, alhali Tomoe River ta Japan, mai giram 52 kacal, siririya kamar ɓawon albasa, ba ta barin tawada ta ratsa ta. Sai dai tana jinkirin bushewa. In ka yi gaggawa, musamman da damina, gefen hannunka ne zai kwashe rubutun. Takardar kalanda mai sheƙi kuma ta wuce gona da iri, ba ta sha ko kaɗan, ka shafa ka share.

Kai kuma da kake murmushi kana jawo kwalbar tawadarka ta allo, na gan ka. Gawayi da ƙaron da ke cikinta na alƙalamin gamba ne, nawa toshe shi za su yi. Miƙo min abina, marfin ma yana aljihunka.