Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma CGPA

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda talaka ke yi wa mai yanke hukunci. Daren jiya wata jami'a ta fitar da sunayen waɗanda ta ɗauka don digiri na biyu a fannin ƙididdigar lafiya, kuma kamar kullum kai aka ajiye bakin ƙofa da wuƙa. Mai 3.50 ya shige da rawanin tu-wan, mai 3.49 aka ce ya gaida gida. Kuɗin fom, takardar sakamako mai tafiyar hawainiya da wasiƙar shaida daga malamin da ya manta fuskar ɗalibinsa, duk na yafe musu yau. Da kai nake, domin kai kaɗai ake yi wa kirari da adalci.

Abin dariyar, fannin da kake gadi shi ya fi kowanne ƙaryata ka. Tun a darussan farko ake koya wa ɗalibi cewa kowane awo yana da kuskure, cewa raba jama'a gida biyu a kan layi guda asarar bayani ce, kuma kafin a ce wannan ya jawo wancan sai an nemi abin da ya ɓuya a tsakani. To, me ya ɓuya cikin 0.01 ɗin nan? Ƙila malami ne mai rowar maki, ƙila zazzaɓin mako guda, ƙila zangon da yajin aikin ASUU na wata takwas ya dagula a 2022. Ɗalibin da ya rubuta irin hukuncinka a jarrabawa faɗuwa zai yi, ga shi da kai ake zaɓensa.

Yallaɓai, leƙo ƙasar Yauri a jihar Kebbi. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta tashi dubban Gungawa da maƙwabtansu daga tsibirai da gaɓar kogin Kwara don a haskaka ƙasa, jikokinsu kuwa da fitilar waya suke bitar darasi. A Yunin 2021 aka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Tarayya ta Birnin Yauri. Ɗan Shanga ko Ngaski da ya ratso irin wannan hanya har ya fito jami'a da 3.40, tudu ya hau da kaya a ka, kai kuwa ƙafa kake ƙirgawa, ba ruwanka da tudu. Alhali nan ne aka fi buƙatar mai ƙirga. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya sami cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi, mafi yawa a Najeriya, Legas tana da kashi 2. Da jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara a Mayun shekarar, da kintace aka riƙa faɗin yawan mutanen ciki. Ƙidayar jama'a kuwa rabonmu da ita tun 2006.

Za a ce masu nema sun fi kujeru yawa, dole a sami mudu, in an cire ka kuma wa-ka-sani ne zai hau kujerarka. Gaskiya ne, ban kuma nemi a ɗauki kowa don tausayi ba, fannin nan lissafi ne zalla. Amma ko dillalin albasa a kasuwar Yelwa ba ya biyan buhu sai ya kwance bakinsa. A kwance ka mana! A duba makin lissafi da na ƙididdiga daban, a daina cakuɗa su da kwasa-kwasan cika fom. A miƙa wa kowa bayanan asibiti masu giɓi, a ɓoye sunansa, a ga wanda zai gane inda alƙaluma suka yi ƙarya. Wannan ya fi ka toshe ƙofar alfarma.

Kai, wa ma ya taɓa gwada ka? Kowane magani sai an jarraba shi kafin a ba majiyyaci, kai kaɗai kake yanka ba takardar shaida. A ɗauko ɗaliban shekara goma, a ga ko 'yan saman layinka sun fi 'yan ƙasansa kammala bincike mai amfani. In ka ci, na dawo maka da ranka ya daɗe. In ka faɗi da 0.01, kada ka zo mana da uzuri.

Naka mai jiran sakamakonka,
daga bakin ruwa, Yelwa.